Sautun Siririyar Waya

Ƙas. Abin da na ji ke nan daga cikin kwanon samirar da ke saman kabad, ina tsakar tankaɗen garin tuwo da hantsi. Ƙarar ba ta kai ta fashewar ƙwai ba, har na ɗauka ƙadangare ne ya taɓa murfi. Da na sauko da kwanon sai na tarar wayata ta buɗe baki. Murfin bayanta ya ɗago, batirin ya kumbura kamar fanke a cikin mai.

A kwanon nake ɓoye ta saboda Nana, autata, wadda ba ta da aiki sai latse-latse. Wata biyu ke nan da Yaya Tabawa, yayar Malam maigidana, ta aiko min da ita daga Kwatano, can ƙetaren iyaka, inda ta daɗe tana aure. Siririya ce, kaurinta bai wuce na littafin rubutun 'yan firamare ba. Duk matar da ta shigo gidanmu a Kibiya sai ta karɓa ta juya ta, ta ce wannan ko a lalita aka soke ta ba mai sanin da ita.

Ni na ɗora wa kaina laifin, ina cewa zafin ɗaki ne da na bar ta a ciki. Malam ya cire batirin ya kai bayan gari ya binne, gangar kuma ya ba Nana ta yi wasa. Kafin ya ba ta na ɓare 'yar sitikar da ke bayanta, fara mai baƙaƙen layuka da lambobi a ƙasa, na manna a murfin gwangwanin allurata. Ba don wata dabara ba. Ni dai tun ina yarinya ba na iya yar da abu mai rubutu a ƙasa.

Na kira Yaya da wayar Malam don in ba ta haƙuri. Ta yi dariya, ta ce in manta, waya ai ba ɗa ba ce. Daga nan ta ɗauko zancen da ke ranta: tana neman hannun gida, mace mai amana wadda ta yi boko, ta taya ta aiki wata uku, don ma'aikatan can sun ishe ta da ɗauke-ɗauke. A shekarar kuwa albasar Malam ta ruɓe a rumbu. Yaya kuma ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, bai taɓa ce mata a'a ba.

Da labari ya zaga unguwa cewa ni zan tafi, sai sautu. Mata bakwai, biyar daga unguwarmu, biyu daga Rurum gidan iyayena, kowacce ta kawo kuɗinta a ƙulle cikin ƙyalle, kowacce magana ɗaya: irin taki sak. Gwaggo Lami maƙwabciyarmu tunkiyarta ta sayar, don ta riƙa ganin fuskar ɗanta da ke aiki a kudu. Ban gaya wa ko ɗaya tawa ta fashe ba. Kunya ta hana ni, ina ganin sakacina ne.

Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, direban motar kayan gwari ne, shi ya kai ni Legas a gaban motarsa, ya kuma raka ni har bakin iyaka. A nan na fara sanin cewa murmushi ma yana da iri. Kafin mu sauke ƙafa mutum huɗu sun riƙe jakata, kowa na kirana Hajiya. Wani mai riga kamar ta ma'aikata ya karɓi fasfona yana tafiya da shi, Kawu ya bi shi ya fizge, ya tambaye shi ina ofishinsa. Mutumin ya yi dariya ya shige cikin jama'a. Masu canji suna ta kaɗa sefa, kuɗin can, a fuskata. Ni kuwa ƙullin nan bakwai na ɗinke su a ƙugun siket ɗin cikina, duk wanda ya gifta sai in ji kamar ya gan su.

Da direban Alhaji, mijin Yaya, ya zo ɗaukata, Kawu ya ja ni gefe. Ya ce, "Zulai, 'yar uwar miji ce, ki girmama ta. Amma ƙullin mutane kada ki kwance shi sai idonki ya gamsu da kaya." Na ce to, ina jin haushinsa a raina, ina ganin ya cika zargi irin na direbobi.

Kwatano gari ne mai gumi ko da safe. Iskar tana da gishiri, kaya ba sa bushewa, 'yan acaɓa da rawayen riguna sun cika titi kamar fari. Gidan Yaya a Zango yake, bene ne mai hawa biyu. Ta rungume ni har da ƙwalla, ta sa aka kawo min burodi mai tsawon hannu da kifi. Ban gama ci ba ta karɓi fasfona ta ce za ta adana. Ban wanke hannu ba ta ce ta ji an ba ni sautu, in kawo a canza min tun kafin sefa ta tashi. Na ce bari in huta tukuna, Yaya. Ta dube ni ɗan lokaci, sannan ta ce babu gaggawa.

Ɗakin aikin yana can ƙuryar gida, tagarsa ba ta kallon titi. Mu biyu ne a dogon tebur, ni da wata Kirista 'yar ƙasar mai suna Odil, wadda ta tsinci Hausarta a bakin maƙwabta, ta kuma raɗa min Madam Kano tun ranar farko. Wayoyi suna saukowa daga sama a kan tire, daga wani ɗaki da maza ke aiki ƙofa a kulle. Odil ta goge, ni in manna sitika ɗaya a bayan waya, 'yar uwarta a jikin kwali, sannan a naɗe da leda. Sitikokin a naɗe suke zuwa kamar bandeji, wani ɗan inji a ɗakin Alhaji ke fitar da su. Yaya tana kiran layukan nan bakod. Ta ce takardar haihuwar waya ce, kowace waya da tata. Tana da wani abu kamar tocila mai jan haske, in ta haska layukan sai ya ce ƙit, sunan wayar ya fito a kwamfuta. 'Yan kasuwa daga Najeriya suna zuwa, su ji ƙit, su gyaɗa kai, a loda musu.

Aikin bai fi ƙarfina ba. Sitikata ba ta karkacewa, har Yaya tana nuna wa baƙi tana cewa hannun mai ɗinkin hula ne. Kowane tire da bisimilla nake farawa.

Amma akwai abubuwan da idona ya ƙi wucewa. Wayar da aka ce daga kamfani take, me ya sa take saukowa da ɗumi tana warin gam? Me ya sa gilashinta ke sheƙi amma bakin ramin caji a goge yake kamar an daɗe ana soka masa abu? Wata rana yatsana ya danne maɓalli, wata ta kunnu, sai ga hoton wani tsohon Bature rungume da kare. Odil ta warce ta ta kashe, ta tura ƙarƙashin tire ba ta dube ni ba. Da na tambayi Yaya ta ce hoton gwaji ne na kamfani. Na koma na yi ta istigfari, ina tuna wa kaina cewa mummunan zato ga Musulmi zunubi ne, balle ga matar da ta yi wa mijina uwa. Duk da haka sau uku tana tada zancen ƙullin, sau uku ina samun abin cewa.

Kewa kuwa da hantsi take kama ni, lokacin da a gida ake jin daka daga kowane gida. A can babu turmi, sai ƙarar babura. In Malam ya kira ya miƙa wa Nana, ba ta magana, numfashinta kawai nake ji har a karɓe. Wadda ta riƙe ni a kwanakin nan wata tsohuwa ce mai koko a ƙofar gida, Mma Azumi. Ta ce kakanta daga ƙasar Kano ya zo da fataken goro, ita ba ta taɓa zuwa ba. Hausarta a karye take, amma da ta ji na ce ni 'yar ƙasar Rano ce sai ta sa na zauna na yi ta ba ta labarin duwatsun Rurum. Washegari ta miƙo min daddawa ƙwaya biyu a takarda, ta ce in sa a miya in ji gida. Na kai ta hanci kawai, sai hawaye.

A mako na uku ne, bayan azahar. Mun tsaya jiran tire, na ɗauko hular da nake ɗinki don rage zaman banza, gwangwanin allura a buɗe kusa da naɗin sitika. Duk macen da ta tashi a unguwarmu ta san ƙirgen sili. Tun kafin mu iya karatu ake koya mana: tsallake biyu, ɗauki ɗaya, in kika ɓata sili guda duk zanen hular ya karkace. Ido in ya saba, ba ya neman izini. Ina zare allura na ji bakina yana cewa siriri biyu, mai kauri, fili, siriri uku. Na dubi murfin gwangwani, na dubi sitikar da ke bakin naɗin. Zane ɗaya. Na duba lambobin ƙasa, ko ɗaya bai bambanta ba.

Na warware naɗin a kan cinyata ina bi. Bayan kowace goma sha biyu, sai ta farko ta dawo.

Na ce, "Odil, waya biyu suna iya zama da takardar haihuwa ɗaya?"

Ta dubi ƙofa. Ta tashi ta ƙara ƙarfin fanka, sannan ta dawo ta zauna dab da ni. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta faɗa min abin da ke sama. Tsofaffin wayoyi ne da aka yar a ƙasashen Turawa, a buhu suke zuwa. Maza su fasa, su ɗebi kayan ciki, su zuba a sabuwar ganga siririya, don yanzu siririya mutane ke so. Batirin kirki ba ya shiga wannan gangar, sai a sa mai araha, a danne, a liƙe da gam.

Ta ce, "Riga sabo, ciki tsoho. Riga ya matse shi. Ya je garinku mai zafi, ya kumbura."

Ta ɗan janye zaninta ta nuna min wani tabo a cinya, faɗin tafin hannun yaro. A aljihu tata ta kama wuta. Na tambaye ta don me take zaune a nan. Ta ɗaga yatsu uku, 'ya'yanta ke nan. Sannan ta ce ita dai ba ta taɓa kai wa 'yan ƙauyensu ko ɗaya ba.

Na zauna ina kallon babban yatsana, wanda nake danna sitika da shi. Gwaggo Lami a cikin riga take soke waya, a kan ƙirji. 'Yar ƙanwar babana ta Rurum kuwa gefen jaririnta take ajiyewa tana sa masa karatu. Wayoyin da na manna wa shaida da bisimillata ban san adadinsu ba, ban san hannun da suka faɗa ba. Kuma Yaya ta san abin da ta aiko gidan ƙaninta, gidan da Nana take.

Da safe, kamar an gaya mata, Yaya ta shigo da kwalaye bakwai a jere. Ta ce na matan garinmu ne, ita da kanta ta zaɓa, in kawo ƙullin yau a gama. Na miƙa mata murfin gwangwani da naɗin. Ta duba, ta ajiye.

Ta ce, "To, Malama. Makarantar da kika yi ke nan?"

Na ce, "Yaya, tawa fashewa ta yi."

"Wa ya mutu? Cikin ɗari nawa ne ke fashewa? Kowa a kasuwar nan haka yake yi. Matan Kibiya suna da kuɗin ta gaske ne? Na ba su abin da za su riƙe su shiga biki da shi."

Na ce ta yi haƙuri, ba zan kai musu ba, kuma hannuna ba zai ƙara mannawa ba. Ban taɓa musa wa babba ido da ido ba sai ranar.

Ta ce, "Bayan nan da kike gani shi ya goyi mijinki. Da kuɗin wayar nan na yi masa rufin ɗakin da kike kwana. Je ki ɗaye kwanon in haram ne."

Wannan maganar ta same ni, har yau in ruwa na dukan rufin sai na tuna ta. Ta kwashe kwalayenta. Fasfo kuma ta ce yana wurin Alhaji, Alhaji ya tafi Lome.

Kwana tara na yi a gidan nan ba aiki ba magana. A ajiye min abinci a bakin ƙofa, in ci kaɗan ina ɗari-ɗari, sannan in ji kunyar kaina. Wata rana na fito daga wanka na tarar an juya min jaka, an mayar da kayan ba yadda na jera ba. Tun daga ranar siket ɗin nan ko wanka da shi nake shiga, in rataye shi inda idona yake. Odil ta ara min wayarta na kira Malam. Matar da siraran wayoyi ke bi ta hannunta kullum, tata wata ƙatuwa ce mai maɓallai, an ɗaure ta da kyauro. Na gaya wa Malam komai. Ya ce in yi abin da zan iya tsayawa da shi gaban Allah, Yaya kuma in bar shi da ita. A muryarsa na ji abin da hakan zai ci masa.

Na so in sayo wa matan na gaskiya a wani wuri. Mma Azumi ta raka ni kasuwa, muka shiga shago ya kai biyar. Ko'ina sitika, ko'ina ƙit, ko'ina rantsuwa. Watakila a cikinsu akwai masu gaskiya, Allah Ya yafe min, amma idona ya riga ya lalace, ban ga wadda zan kwance ƙullin wani a kanta ba. Mma Azumi ce ta karɓi huluna uku da na ɗinka, ta ba mijinta ya sayar a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Su ne kuɗin motata. Ita ta haɗa ni da wasu mata 'yan kasuwar atamfa da za su tsallaka Legas.

Rana ta goma, na dawo daga alwalar asuba, na tarar da fasfona a kan sallaya. Ban ga wanda ya ajiye shi ba. Na je ƙofar Yaya na yi sallama sau uku, ina jin motsinta a ciki, ba ta amsa ba. Har yau ban san ko tausayi ne ko kora ba. A bakin ƙofar gida Odil ta cusa min abu a hannu, sitika ɗaya da ta yanko daga naɗin, tagwayen ta gwangwanina. Ta ce in manna su gefe da gefe in nuna, in ba haka ba za su ce na ci amanarsu. Na rasa abin ba ta, sai na cire ɗankunnena na azurfa. Ta ƙi karɓa, ta ce in yi mata addu'a irin tamu.

A Legas kwana biyu na yi a cikin kwandunan tumatir ina jiran motar Kawu. Da ya gan ni bai tambayi dalilin da wata uku ya koma wata ɗaya ba. Ya ce, "Ƙullin mutane fa?" Na ce suna nan. Ya ce in shiga mota.

Na iso Kibiya da la'asar. Nana ta leƙo ta gan ni, ta gudu bayan randa, ta ƙi fitowa. Washegari tun kafin in gama shara matan suka cika tsakar gida, na Rurum ma sun sami labari sun hawo mota. Suna ta dube-dube ina kwalaye. Na shimfiɗa tabarma, na farke ɗinkin siket, na ajiye wa kowacce ƙyallenta a gabanta da ƙullin da ta yi da hannunta.

Gwaggo Lami ta ɗaga nata da yatsa biyu. Ta ce, "Tunkiyata ta haifi biyu a gidan wani, ke kuma kin ƙetare ƙasa kin dawo min da tsummana."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Na fara da abin da ya fi min nauyi: na gaya musu tawa ta fashe tun kafin in tafi, na ɓoye musu. Sannan na faɗi sauran, ban kama sunan kowa ba, ko da yake kowa ya san gidan wa na je. Na miƙa murfin gwangwanin da sitikokin biyu a manne, na ce wannan ta wayata ce, wannan kuma ta wata wayar daban, an ce kowacce da tata shaidar.

Gwaggo Lami ba ta yi boko ba, lambobin ba su dame ta ba. Ta kai murfin kusa da ido, leɓenta na motsi, farcenta na bin layukan kamar tana bin bakin hula. Ta yi na sama, ta yi na ƙasa. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta ƙirga. Murfin ya zaga tabarma har ya dawo hannun Gwaggo.

Gwaggo ta ce, "Zane ɗaya ne." Ta soke ƙullinta a riga, daidai inda wayar za ta zauna. Ta miƙe, sannan ta ce da na faɗa tun farko, da tunkiyarta tana nan. Na ce gaskiya ne, Gwaggo, ki yafe min. Ta ce za ta duba.

Ɗaya daga cikin na Rurum har yanzu gaisuwarmu a taƙaice take. Yaya ba ta ƙara ɗaukar kiran Malam ba, salla ta zo ta wuce ba saƙo. Shi bai taɓa yi min gori ba, amma nakan gan shi yana duba wayarsa bayan ya idar da salla, ya mayar aljihu.

Ranar dai, bayan matan sun watse, ina naɗe tabarma na ji an taɓa min baya. Nana ce, riƙe da gangar wayar nan, ta ɗaure murfin da zaren hulata don kada ya faɗi. Gilashin duk shatin yatsunta ne. Ta ɗora min ita a kunne, ta hau cinyata ta zauna.

Ta ce, "Umma, kullum ina kiranki da ita. Sai yau kika ɗauka."